Anti Tafireta da Takardun da Ta Goge

Tafireta ta daɗe da barin ofishin hukumar gari, amma sunan ya ƙi barin matar da ta yi aiki da ita. Tana budurwa siririya aka ɗauke ta aikin buga takardu, aka zaunar da ita gaban wata tsohuwar tafireta mai cije haruffa, masinjoji suka laƙaba mata 'Yar Tafireta. Da ta yi aure, ta yi jiki, ta haifi uku, sai aka ƙara mata girma ta koma Anti Tafireta. Kwamfuta ta zo, aka jefa tafiretar a ɗakin ajiya ta yi tsatsa, suna yana nan daram. Har mijinta, wani mai gyaran agogo marar yawan magana, da shi yake kiranta idan tsokana ta motsa masa.

Ɗakinta shi ne na ƙarshe a baranda, jikin ofishin Sakatare. Taga ɗaya gare shi, sai fanka mai kukan tsufa, da tebur mai ɗauke da kwamfuta da firinta da na'urar ɗaukar hoton takarda. Duk abin da hukuma za ta faɗa wa mutanen gari ta ƙarƙashin yatsunta yake bi: dokar kwashe shara, ƙa'idar neman izinin gini, sanarwar rabon rumfunan kasuwa, bayanin zaman majalisa. Ba ta kallon maɓallan idan tana bugu. Tana iya yi wa masinja faɗa, yatsun suna ta aikinsu kamar ba da su ake ba.

Ofishin yana da wata ɗabi'a da ba a rubuta ta ko'ina ba, amma kowa ya haddace ta. Takarda ba ta zama takarda sai ta sha hatimi. Anti za ta buga a kwamfuta, ta fitar a firinta, a kai wa Sakatare ya sa hannu ya danna hatimi, a dawo mata da ita ta ɗauki hotonta. Hoton nan shi ake ɗorawa a shafin hukuma na intanet. Shi kuwa rubutun asali da ke cikin kwamfuta, goge shi ake yi. Wani tsohon Sakatare ne ya kawo wannan, bayan wani akawu ya lallaɓa ya sauya kwanan wata a takardar fili, ya jawo rigimar da sai da ta kai kotu. Tun ranar ya ce kada a ƙara barin komai a cikin kwamfuta wanda hannu zai iya taɓawa. Ya yi ritaya, ya ma riga mu gidan gaskiya, dokarsa ko tari ba ta yi ba, domin Anti ta riƙe ta hannu biyu. Duk ƙarshen mako sai ta share kwamfutar tas, tana jin daɗi irin na wadda ta gama wanke-wanke ta kife tukwane. Idan sabon ma'aikaci ya ce ta bar masa kwafi, kallo ɗaya take yi masa ya kama gabansa.

Ido a hankali ya fara yi mata wasa, kuma ta gefe ya faro. Ta riƙa karo da kujerar da ta shekara da shekaru a wuri ɗaya. Ta zuba ruwa a gefen kofi tana ganin cikinsa take zubawa. Autarta, wadda ke aiki a wani shagon magani, ita ta ja ta zuwa asibiti kusan da ƙarfi. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ya tafi, na hagu saura kaɗan, na dama ne ake fatan cetowa. Aka ɗora ta a kan maganin ɗigawa, ya riƙe na wani lokaci, sannan ya daina riƙewa. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma ba a son jinkiri, domin duk watan da ya wuce da rabonsa yake tafiya. Bayan aikin akwai dogon hutu, kuma bai yi mata alkawarin za ta koma karanta ƙananan rubutu ba.

Anti ta ce to, bari a ga ƙarshen wata. Wata ya ƙare, wani ya kama, ita ma ta kama wani uzurin.

Ba taurin kai ba ne kawai, ko da yake tana da shi daidai gwargwado. Ta san ofishinta. Hutun jinya yana buƙatar takardar likita, takardar likita kuwa fayil take shiga, kuma babu hukumar da za ta ajiye mai buga takardu da ba ta gani sosai. Ta ga yadda aka yi wa direban ofis da hannunsa ya fara rawa: aka tara mutane, aka sha lemo, aka yi jawabai, aka miƙa masa agogon bango. Saura mata 'yan shekaru ta yi ritaya da ƙafarta, kuma haka take so ta fita. Gaskiyar da ta fi wannan ita ce Anti ba ta san yadda ake wuni a gida ba, kuma tsoron abin take ji ƙwarai.

Don haka ta shiga dabara. Ta ja teburinta jikin taga, ta ce iska take nema. Ta ƙara girman haruffan kwamfuta har kalma uku ta cika layi, da ta ji tafiya a baranda sai ta mayar. Ta ce wa Sakatare rubutun hannunsa ya lalace, gara ya riƙa faɗa da baki tana bugawa. Shi kuwa dama yana son jin muryarsa, ya karɓa da murna.

Ana cikin haka wata safiya masinja ya shigo mata da wani dogon mutum mai farar sanda, malami a makarantar makafi. Suna son ƙara aji ɗaya, ya zo neman ƙa'idar izinin gini, Sakatare kuma ya fita.

"Malama, ke ce mai buga takardun nan?" in ji shi bayan sun gaisa.

"Ni ce, Malam. Ai da ba ka wahalar da kanka ba, duk suna shafinmu na intanet."

"Na je can. An ce mini ma suna da kyau. Saurari rabon da ni na samu."

Ya fito da waya, ya shafa fuskarta da yatsa. Wata murya ta fara karanta sunan hukuma da kanun shafi, tiryan-tiryan. Da ya taɓa takardar izinin gini sai muryar ta ce, "Hoto." Ya matsa gaba, ta ce, "Hoto." Ya sake matsawa, amsar ba ta sauya ba.

"Wayar nan tana karanta mini jarida," in ji malamin. "Tana karanta mini saƙon 'ya'yana, har tallar maganin ƙiba ba ta ɓoye mini. Takardun garina ne kaɗai suka gagare ta. Rubutu take ganewa, ba ta san hoton rubutu ba."

Anti ba ta ji daɗin maganar ba, don ba ta saba a kushe aikinta ba. Ta ciro takardar daga fayil ta ce bari ta karanta masa. Rabi ta karanta, rabi ta kawo daga ka, tana tsayawa a inda babu dalilin tsayawa. Malamin ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya miƙe. Sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"Taki wayar ma tana yi, Malama. Kunna mata kawai ake yi."

"Ni idona ƙalau," ta ce, da zafin da ya fi ƙarfin maganar.

"To, Allah Ya ƙara lafiya."

Malamin bai tsaya nan ba. Ya rubuta koke, ƙungiyarsu ta sa hannu, aka kai gaba. Daga sama umarni ya sauko cewa hukuma ta duba abin da zai ci a mayar da takardunta yadda irin waɗannan na'urori za su iya karantawa. Aka kafa kwamiti, don babu abin da ofis ya iya kamar kafa kwamiti. Sakatare ne shugaba, sai Ma'aji, sai jami'in kwamfuta, Anti kuma tana gefe tana ɗaukar bayanin zama.

Jami'in kwamfuta ya yi bayani. Sababbin takardu ba matsala, a daina ɗora hoto kawai, a tsara rubutun da kanu da sakin layi yadda na'ura za ta bi. Tsofaffin ne aiki. Akwai manhajar da ke mayar da hoto rubutu, amma hatimin ofishin nan a tsakiyar rubutu ake danna shi, wasu hotunan a karkace suke, wasu sun dushe, jadawali kuwa birkice mata yake yi. Dole mutum ya bi layi-layi yana gyarawa, wani shafin ma gara a sake buga shi daga farko. Ya tambayi wani kamfani, ya faɗi abin da suka yanka.

Ma'aji ya cire tabarau ya ajiye. Ba mugun mutum ba ne, aikinsa ne ya ce babu, kuma ya iya aikinsa.

"Wannan kuɗin shi ne na rufin kasuwa," ya ce. "Masu kayan miya suna can ruwa yana zuba a kansu, kullum suna bakin ƙofata. Ku gaya mini, makafi nawa ne a garin nan ke son karanta dokar shara?"

"Ba makafi kaɗai ba ne," in ji jami'in kwamfuta. "Akwai tsofaffi, akwai wanda bai iya karatu ba amma yana iya saurare. Ni kaina idan ina neman kalma ɗaya a cikin hoto sai na bi shafi-shafi."

"Na ji. Su kuma masu kayan miya in ce musu me?"

Tambayar kuwa gaskiya ce. Can Sakatare ya ɗago kai kamar wanda ya tuna inda ya ajiye mukulli.

"Tsaya. Takardun nan ai a kwamfuta aka buga su. Ina rubutun asali?"

Duk suka juyo wajen Anti.

"Na goge, Yallaɓai."

"Duka?"

"Duka. Haka aka ce a riƙa yi."

Babu wanda ya ga laifinta. Kowannensu ya san dokar, kowa ya bi ta, Sakatare kansa ya sha yaba mata a kan tsabtar kwamfutarta. Shekara da shekaru ofis yana da abin da malamin ke roƙo a hannunsa, kyauta, yana sharewa duk ƙarshen mako da kyakkyawar niyya. Jami'in kwamfuta ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya sunkuyar da kai.

Ma'aji ne ya samo mafita, fuskarsa har haske take yi. Me zai sa a kira kamfani alhali ga wadda ta buga su tun farko? Babu mai saurinta a duk ginin. Ta riƙa ɗaukar su kaɗan-kaɗan tsakanin sauran ayyuka, cikin shekara biyu ko abin da ya yi kama da haka an gama. Rufin kasuwa ya tsira, malamin makafi ya samu biyan buƙata.

"Anti, ai za ki iya?" in ji Sakatare.

"Zan iya, Yallaɓai."

Kuma da ta faɗa, daɗi ta ji, ba ƙarya. Shekara biyu ana buƙatarta, shekara biyu babu mai kawo zancen lemo da jawabai. Sai da ta fito baranda, kafaɗarta ta bugi ƙofar da ta ga kamar ta wuce ta, sannan ta tuna da idonta.

Da yamma ta tarar da mijinta a tsakar gida, ya baza kayan aikinsa a kan ƙaramin tebur, gilashin duba agogo maƙale a ido ɗaya. Auta ta dawo daga shago tana cire takalmi. Anti ta ba su labari da muryar wadda aka yi wa ƙarin girma.

"Shekara biyu?" in ji Auta. "Mama, likita shekara biyu ya ba ki?"

"Ke dai ba ki san aikin gwamnati ba."

"Na san ido. Kullum ina sayar wa mutane maganin da suka zo nema bayan lokaci ya wuce. Wallahi in kin ƙi faɗa musu, ni zan je in faɗa."

"Ki je mana, tunda ke kika haife ni."

Auta ta shige ɗaki ranta a ɓace. Mijin ya cire gilashin daga idonsa, ya hura shi, ya goge da gefen riga.

"Tafireta," ya ce, "wannan in ya fashe, gobe in shiga kasuwa in sayo wani. Naki fa, a wane shago ake sayarwa?"

"Baban yara, in zauna a gida in yi me? In riƙa bin inuwa daga wannan bango zuwa wancan?"

"Ki zauna ki dame ni. Na yarda, zan jure."

Ta yi tsaki. Shi kuwa ya mayar da gilashinsa ya ci gaba da tsintar ƙananan ƙusoshi.

Washegari ta ce bari ta gwada, tun kafin a sa hannu a rahoton kwamiti. Ta buɗe hoton wata tsohuwar sanarwa, bugun hannunta, shafi ɗaya tak. A da kafin shayi ya huce ta gama irinsa. Ta ƙara girman hoton, haruffan suka fashe suka zama dishi-dishi. Ta rage, suka gudu. Farkon layi yana nan, ƙarshensa sai ta juya kai gaba ɗaya ta nemo shi, kafin ta dawo ta manta inda take. Idon dama ya riƙa zubar da ruwa, kai ya ɗauki sara. Rana ta take, ba ta kai ƙasan shafin ba.

Ta jingina da kujera ta rufe ido. Tambayar Ma'aji ta dawo mata, makafi nawa ne a garin nan ke son karanta dokar shara. A wurin zaman ta rubuta tambayar a matsayin maganar wasu mutane can. Yanzu ta gane cewa idan an tashi ƙirga su, da ita za a ƙirga, in ba bana ba to baɗi. Abin ya ba ta tsoro, ya kuma ba ta haushi, don da hannunta ta share abin da za ta zo tana nema.

Bayan azahar Sakatare ya shigo a buga rahoton kwamiti. Ya riƙa kai da kawowa a ɗan ɗakin, hannu a baya, yana faɗa tana bugawa. Hanya ta farko, a ba kamfani, ga abin da zai ci, ga abin da za a fasa saboda shi. Hanya ta biyu, a yi aikin a cikin gida da ma'aikaciyar da ake da ita. Wannan hanya ba za ta ci komai ba, don haka kwamiti ya zaɓe ta. Yatsun Anti suka buga jimlar kamar yadda suka saba buga duk abin da aka faɗa musu. Sakatare ya ce ta kawo masa idan ta fitar, ya koma ofishinsa.

Tun da ta fara aiki ba ta taɓa kai takarda a sa hannu ba sai ta karanta ta da idonta. Ta fitar da rahoton, ta kai shi jikin taga, ta matso da shi, ta nisanta shi. Baƙaƙen layuka ne a kan farar takarda, suna nan a jere, amma sun ƙi zama kalmomi. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta gyara mayafinta ta ƙwanƙwasa ƙofar Sakatare.

Ya miƙo hannu ɗaya, ɗayan ya riga ya kai kan hatimi.

"Yallaɓai, ka karanta kafin ka sa hannu. Ban duba ba."

"Ke? Yau kuma?" Ya yi dariya. "Ai bugunki ba ya buƙatar dubawa."

"Ba ƙin dubawa na yi ba. Ba na ganinsa ne."

Dariyar ta tsaya. Ta gaya masa komai a tsaye, a taƙaice, kamar mai karanta sanarwa: sunan ciwon, abin da likita ya ce, aikin da take ta ɗagawa, da shafi ɗayan da ya cinye mata safiya. Ba ta yi kuka ba.

Sakatare ya janye hannunsa daga kan hatimi. "Me ya sa ba ki faɗa ba tuntuni, Anti?"

"Saboda na san abin da ke biyo baya."

Bai musa ba, kuma ta ji daɗin da bai musa ba. Ya sa tabarau ya karanta rahoton a hankali. Da ya iso hanya ta biyu ya tsaya, ya ɗauki biro ya ja layi a kanta.

"Sai mu koma wurin Ma'aji," ya ce. "A fara da takardun da mutane suka fi nema, sauran a bi su a hankali. Zai yi ta ƙorafi, amma zai rayu. Ke kuma gobe ki je ki karɓi ranar aikin idon."

"Kujerata fa, Yallaɓai?"

Ya ajiye biron. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Zan rubuta abin da zan iya, amma ba a hannuna take ba."

Ta gyaɗa kai. Ya juya takardar a hannunsa, ya dubi layin da ya ja, ya dubi ƙofa, da alama yana tunanin wanda zai buga gyaran.

"Kawo," ta ce. "Wannan ni zan buga. Amma sai ka zo ka tsaya a bayana ka duba mini."

Suka koma ɗan ɗakin. Ta zauna, ta ɗora yatsunta inda suka saba zama, shi kuma ya tsaya a bayanta ya sunkuyo yana kallon kwamfuta. Ya faɗa, ta buga. Da suka kai ƙarshe ya bi shafin daga sama har ƙasa.

"Babu kuskure ko ɗaya," ya ce.

"Sake dubawa, Yallaɓai," in ji Anti. "Ba na son na ƙarshe ya fita da kuskure."